Ɗanɗano Shida

Likita ya zare tabarau ya dube ni,
ya ce jinina ya hau, suga ya bi sawunsa.
Na fito ina ƙirga abin da aka raba ni da shi:
tsiren Taminus, shayi mai kauri,
romon ganda na daren Juma'a.
Shekara talatin ina buɗe cikin motocin mutane a Dilimi,
ashe nawa injin baƙin mai ya daskare masa.

Katanga ɗaya ta raba mu da Madam Sushila.
Mijinta ya zo aikin kuza tun ina goye,
ƙasar Jos ta riƙe shi, ita kuma ta ƙi tafiya.
Hausarta ta fi ta jikokina gishiri.
Ta ce, "Malam Ɗanjuma, fito da harshe."
Na fito da shi kamar yaron da ya sha tawada.

"Wuta ta yi maka yawa," in ji ta,
"iska kuma na yawo inda ba a aike ta ba.
A wurinmu ciki murhu ne:
ka cika itace, tuwo ya kama,
ka janye duka, ya kwana ɗanye.
Sha maganin likita, kada ka fasa,
tukunya dai bar mana ita."

Da asuba, sanyi na cizon kunne,
ita da Tasallah suka nufi Farin Gada.
Suka dawo da kabewa, da gauta, da yakuwa,
citta mai ƙasa a jiki,
hulba a ƙullin leda,
kurkur da ya rina wa matata farce
ya fi lallen sallah daɗewa.

Ta jera su a faifai tana kira ɗaya ɗaya:
zaƙi, tsami, gishiri,
yaji, ɗaci,
sai na shida, wanda na mance da shi tun ina satar ɗanyar kanya,
bauri.
"Kwano ɗaya, su shida su zauna,
kada wani ya ɗaga wa wani murya."

Ranar farko gwaten acca ne,
da ɗigon man shanu, cokali guda, ba biyu ba.
Na ci ina harare-harare.
Tasallah ta ce, "Tauna, ba tsere ake ba."
Rana tsaka aka ba ni babban kwano,
da dare kuwa ɗan abin da ba zai tsorata kyanwa ba,
da ruwan ɗumi mai ƙamshin kanumfari.

A loma ta bakwai, ko ta takwas,
ɗacin gauta ya buɗe wata ƙofa.
Na ga Kaka Yalwa a Bukuru, bakin murhu,
tana ture mini kwanon tafasa:
"Ci, ɗan nema, ɗaci ba ya kashe jika.
Wannan mai zafi ne, wancan mai sanyi,
kada ka haɗa su da dare."
Mun yi mata dariya a lokacin,
mu 'yan boko masu burodi da bota.

Sai ga maganarta ta ƙetare teku,
ta yafa sari, ta dawo ta katanga.

Wata huɗu ke nan.
Na ƙara huda biyu a bel ɗina,
ina hawa tudun unguwarmu ba tare da na tsaya
ina yi kamar takalmi nake gyarawa ba.
Likita ya duba takarda, ya gyaɗa kai, bai ce komai ba.

Ba zan yi ƙarya ba:
ran Talata na bi ta Taminus,
hayaƙin tsire ya kira ni da sunan yanka.
Na sayi tsinke ɗaya.
Na ci a tsaye, a hankali, har da albasar,
na goge baki da kyau.

Ina shiga gida Madam ta leƙo ta katanga,
ta shaƙi iska, ta ce,
"Gobe gauta biyu."